Idan Jijiyar Gaban Kunne Ta Gaza: Yadda Ake Zaɓen Wata Don Baifas ɗin Ƙwaƙwalwa

Ɗora yatsa biyu a gaban kunne, dab da inda muƙamuƙi ke motsi, za ka ji bugu. Jijiyar gaban kunne ke nan, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da STA. Tana hawa gefen kai ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi goshi, ɗayan ya miƙe tsakiyar kai. Tun 1967, da Gazi Yasargil ya fara ɗinke ta da reshen jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa a birnin Zurik, ita ake fara nema duk lokacin da za a kewaye toshiya a kai wa ƙwaƙwalwa jini, aikin da ake kira baifas. Tana kusa, kaurinta ya dace da na jijiyoyin saman ƙwaƙwalwa, kuma haɗi ɗaya tak ake yi. To amma ba kowa ke da ita lafiya ba. A wani siririya ce, ba ta kai milimita 1 ba. Wani an yanke masa ita a tiyatar baya, wani haɗarin babur ya tsinka ta, wani kuma tana nan da kyaunta amma tushen da ke ba ta jini a wuya ya toshe. Wannan jagora na likitoci masu koyon aikin ne, da ma'aikatan jinya, da iyalan da aka ce musu "jijiyar ba za ta yi ba" suna son sanin abin da ya rage.

Wa ya cancanci aikin tukuna

Wanda bakinsa ya karkace yanzu, ko hannunsa ya saki, asibiti za a garzaya da shi, ko a kira 112 ko 767 a nan Legas. Baifas aiki ne na shiri, ana yin sa don hana shanyewar ɓarin jiki ta gaba.

Kuma ba duk mai toshiya ake yi wa ba. Babban binciken da aka wallafa a 1985 a kan mutum 1,377 bai nuna tiyata ta fi magani ba. A 2011 binciken COSS na Amurka da Kanada ya ɗauki mutum 195 masu toshewar jijiyar wuya ta ciki: cikin shekara biyu kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun sake shanyewa, na masu shan magani kashi 22.7. Abin lura shi ne kashi 14.4 na masu tiyatar a kwana 30 na farko abin ya same su, alhali kusan duk haɗin da aka ɗinka yana gudana. Wato ɗinki mai kyau kaɗai bai wadatar ba. Binciken CMOSS na ƙasar Sin a 2023, mai mutum 324, shi ma bai nuna ratar da za a dogara da ita ba.

Don haka mutum iri biyu suka rage. Na farko mai toshiyar kitse da alamominsa ke ta dawowa duk da yana shan asfirin da maganin kitse, ya daina taba, an daidaita masa hawan jini da sukari, kuma hoto ya nuna jinin da ke isa wannan sashe ya yi ƙaranci. Na biyu mai cutar moyamoya, inda ƙarshen jijiyoyin wuya na ciki ke tsukewa a hankali a gindin ƙwaƙwalwa. Wannan ta fi shafar mu, domin tana biyo bayan ciwon sikila a wasu yara. Uwa ta lura yaro na sakin cokali ko maganarsa na sarƙewa idan ya yi kuka mai tsanani, ko yana hura koko mai zafi, sai bayan 'yan mintuna ya dawo daidai. Numfashi da sauri na rage iskar kabon a jini, jijiyoyin su ƙara tsukewa. Yaro mai sikila daga shekara 2 zuwa 16 ya kamata a riƙa auna masa gudun jinin ƙwaƙwalwa da na'urar dofla duk shekara. Ana yi a Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba, daura da LUTH. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alamar haɗari ce, kuma matakin farko ƙarin jini ne a kai a kai, ko maganin haidiroksiyuriya.

Mataki na farko: karanta hoton daga wuya zuwa fatar kai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki hoton jijiyoyin cikin kai kawai. A rubuta wa masu hoto ƙarara cewa ana son CT na jijiyoyi tun daga bakan babbar jijiyar zuciya har ƙololuwar kai, da siraran yanka, kada su datse fatar kai daga hoton. In da hali, a yi anjiyogiram na kateta, wato hoton da ake zura siririn bututu cikin jijiya, a zuba rini a jijiya shida: na wuya na ciki biyu, na waje biyu, da biyun da ke bi ta ƙashin wuya. Jijiyar wuya ta waje ce uwar kusan duk masu bayarwa, wato jijiyoyin da ake ɗauko jini daga gare su, don haka a ɗauke ta ita kaɗai, ta gaba da ta gefe.

Abu huɗu ake nema a hoton. Wane sashe ne ke jin ƙishirwa, gaba ko baya? Nawa ne kaurin kowace jijiyar fatar kai a daidai inda za a yanke ta? A tushe kowace jijiya tana da kauri, ma'aunin da ke da amfani shi ne na ƙarshenta. Tushen lafiya yake? Sannan tambayar da ake yawan mantawa: wannan jijiyar da ake son ɗauka, ba ta riga ta fara ciyar da ƙwaƙwalwa da kanta ba? Idan jijiyar wuya ta ciki ta toshe, jini kan juya ta jijiyar ido ya shiga kai, kuma rassan fuska da na goshi da na muƙamuƙi ne ke ba shi. Yanke irin wannan reshe rage wa mara lafiya jini ne da hannunka.

Ƙarancin jinin kuma ana tabbatar da shi da hoton kwararar jini kafin da bayan allurar asetazolamayid giram 1. Sashen da jijiyoyinsa suka riga suka buɗe iya buɗewa ba zai ƙaru ba, wani lokaci ma raguwa yake. Ga mai sikila a yi shawara da likitan jini kafin wannan allura, saboda tana ƙara tsamin jini.

Bayan hoto sai hannu. A aske gashi, a bi kowace jijiya da ƙaramar dofla, a zana hanyarta da alƙalami. Tabon tsaga ko na ƙahon wanzami a gefen kai da ƙeya galibi a fata ya tsaya, amma a saurari jijiyar a sama da ƙasan tabon, a tabbatar sautin bai canza ba.

Mataki na biyu: fara da maƙwabta na kusa

Ƙwaƙwalwar da ta daɗe cikin ƙarancin jini ƙari take buƙata, ba a maye mata gurbin babbar jijiya gaba ɗaya ba. Jijiyar gaban kunne kan fara da kimanin mililita 15 zuwa 25 a minti, ta ƙara girma daga baya gwargwadon buƙata. Jijiyoyin da suka saba da yunwa sun rasa ikon tsuke kansu, idan aka kwararo musu jini mai yawa lokaci guda sai kumburi ko zubar jini, garin neman ƙiba a samo rama. Shi ya sa a ra'ayinmu duk jijiyar fatar kai da ta kai milimita 1 ta fi doguwar gada daga wuya, wato guntun jijiyar da ake cirowa daga hannu ko ƙafa a yi haɗi da shi.

Idan reshen tsakiyar kai ne ya lalace, a duba na goshi. Sai dai jijiyar motsi da ke ɗaga gira tana bi kusa da shi a ƙasa, don haka a ɓanɓaro shi ta cikin fatar da aka naɗe, a guji ƙona wuri kusa da gefen ido. Idan rassan biyu sun lalace amma kututturen da ke gaban kunne yana da kyau, ana iya ɗinka masa gajeriyar gada zuwa ƙwaƙwalwa.

Jijiyar bayan kunne a yawancin mutane ƙarama ce, a nan bayan kunne take ƙarewa. Amma a wasu, musamman waɗanda reshen tsakiyar kansu bai girma ba, ita ce ke hawa ta rufe gurbinsa, kuma tana bi daidai saman wurin da ake buɗe ƙashi. Wanda bai neme ta a hoto ba ba zai gan ta ba. Aikinta kusan ɗaya ne da na gaban kunne. Kada dai a bi ta ƙasa sosai zuwa gindin kunne, don a can take ba da reshen da ke ciyar da jijiyar motsin fuska.

Jijiyar ƙeya ita ce madadin da aka fi dogara da shi, kuma ita ta fi wahalar fitarwa. Robert Spetzler da Norman Chater sun bayyana haɗa ta da jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa a 1974. Tana fitowa daga wuya, ta bi wani kwari a bayan ƙashin da ke bayan kunne, ta ratsa ƙarƙashin tsokokin ƙeya, sannan ta huda ta fito ƙarƙashin fata a layin da tsokar wuya ke manne da ƙoƙon kai. Murɗaɗɗiya ce, tana da ƙananan rassa masu yawa zuwa tsoka, jijiyoyin mayar da jini sun nannaɗe ta, ga jijiyar ji ta ƙeya tana raka ta. A kwantar da mara lafiya a gefe. A fara daga sama inda take ƙarƙashin fata, a bi ta zuwa ƙasa a ƙarƙashin madubin tiyata, tsoka bayan tsoka. Kowane reshe a ƙona shi nesa da jikinta da milimita 1 zuwa 2 kafin a yanke. Wanda ya ja reshe ya tsinke a gindi ya bar rami a bango, kuma ƙona ramin tsuke jijiyar yake. A saki tantanin da ke riƙe lanƙwasarta, da haka ake samun ƙarin tsawo. Ta dace da rassan baya na jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa, da jijiyar bayan ƙwaƙwalwa, da ta ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ga sashen goshi ba za ta kai ba sai da gada. Matsalolinta sanannu ne: rashin jin taɓi a fatar ƙeya ko ciwon da ke biyo raunin jijiyar ji, da rauni mai jinkirin warkewa saboda a kansa ake kwanciya.

Akwai kuma jijiyar rigar ƙwaƙwalwa, wadda ke shiga ƙoƙon kai ta wani ɗan rami a gindinsa ta bazu cikin kakkaurar rigar. Amfaninta shi ne tana ciki, ƙashi ba zai matse ta ba. Amma siririya ce, bangonta ba kauri, kuma a gefen goshi takan bi ta cikin ƙashi, sai ta yage wajen ɗaga shi. A mai moyamoya sau da yawa ta riga ta tura saiwoyi cikin ƙwaƙwalwa, a irin wannan hali a tsara yankan ƙashi yadda za a kewaye ta. A kuma tabbatar a hoto cewa jijiyar ido ba daga ita ta fito ba, domin a wasu mutane haka halittar take, yanke ta makanta ne.

Idan ba a sami mai karɓa, wato jijiyar saman ƙwaƙwalwa, da ta isa ɗinki ba, kamar a ƙananan yara, ba dole sai an yi haɗi ba. Ana shimfiɗa jijiyar fatar kai a kan ƙwaƙwalwa ba tare da yanke ta ba, ko tsokar gefen kai, ko a juya rigar ƙwaƙwalwa ciki, ko a huda ramuka da dama a ƙashi. Sababbin jijiyoyi kan tsiro cikin wata 3 zuwa 6. Wannan na aiki sosai a yara masu moyamoya, amma a dattijo mai toshiyar kitse tsiron ba ya yawa.

Mataki na uku: jijiyar cikin muƙamuƙi

Idan fatar kai ba ta da abin bayarwa amma jijiyar wuya ta waje lafiya take, sai a gangara ƙarƙashin gindin ƙoƙon kai. Jijiyar cikin muƙamuƙi kaurinta ya haura milimita 2, tana kwance kusa da tsokar tauna ta ciki. Saleem Abdulrauf ya bayyana amfani da ita da gadar jijiyar hannu a 2011. Ana isa gare ta ta hanya biyu: a huda ƙasan ramin tsakiya na ƙoƙon kai a gefen ramuka biyun da jijiyoyin jin fuska ke fita, ko a sauke ƙashin kunci a bi jijiyar da ke ƙarƙashin tsokar gefen kai har zuwa uwarta. Gadar ba ta kai santimita 10 ba, alhali wadda ke tasowa daga wuya takan kai 20, kuma duk haɗin biyu a fili ɗaya ake yin su, ba buɗe wuya, ba rami ƙarƙashin fata. Gajeriyar gada ba ta cika lanƙwashewa ko daskarewa ba.

Wahalarta zurfi ne da jini. Tarin jijiyoyin mayar da jini sun kewaye ta, suna tsiyaya ba ƙaƙƙautawa, cusa abin tsayar da jini da haƙuri ya fi ƙonawa. A duba hoto tun farko ko ta wajen tsokar taunar take bi ko ta cikinta, don ta ciki ta fi nisa ƙwarai. Bayan aiki mara lafiya kan yi fama da buɗe baki na ɗan lokaci, a gaya masa tun kafin.

Idan uwar jijiyar wuya ce ta toshe

A nan duk rassan ɓarin, gaban kunne da ƙeya da muƙamuƙi, ɗan jinin da suke samu ta bayan gida yake zuwa, ba shi da ƙarfi. Kamar mai jan ruwa daga tankin maƙwabci ne, kafin ya sayi tiyo ya leƙa tankin. Hanya ɗaya ita ce a fara gyara tushen, a haɗa jijiyar ƙarƙashin ƙashin kafaɗa da jijiyar wuya ta waje, a bar jijiyar gaban kunne ta farfaɗo, sannan a yi baifas ɗin da aka saba. Wata hanyar a ja gada kai tsaye daga can ƙasa, ko daga lanƙwasar jijiyar ƙashin wuya da ke ƙarƙashin ƙeya. A gindin wuya a kiyaye jijiyar numfashi da ke kwance kan tsoka, a hagu kuma a kiyaye bututun ruwan jiki, wanda in ya huje sai rauni ya riƙa ɗigar farin ruwa kamar madara.

Hanya ta uku Spetzler ya bayyana ta a 1980: a ɗauki jini daga jijiyar gaban kunnen ɗaya ɓarin, a tsallaka da gada ta saman kai. Ana sassaƙa mata kwari a ƙashi don kada fata ta danne ta. A nan sana'ar mara lafiya na shiga lissafi. Ɗan dakon da ke ɗaukar kwandon tumatir a Mile 12, gammonsa a kan gadar zai zauna. A faɗa masa gaskiya kafin ya sa hannu: "Malam, in aka yi wannan, kaya a ka ya ƙare har abada." In ba zai yiwu ba, a sake shawara.

Zaɓen gada

Jijiyar tsintsiyar hannu kan ɗauki kimanin mililita 40 zuwa 70 a minti, doguwar jijiyar ƙafa mai mayar da jini 70 zuwa 140. Ga ƙarancin jini ta hannu ta fi dacewa, ga kauri daidai, ga bango irin na mai kai jini. A ɗauka daga hannun da ba shi mutum ya fi aiki da shi ba. A fara da gwajin Allen: a danne jijiyoyin tsintsiyar hannu biyu, ya dunƙule hannu sau da yawa ya buɗe, a saki ta ɓangaren ƙaramin yatsa, jini ya dawo tafin cikin daƙiƙa 5 zuwa 10. A fatarmu ido kaɗai na yaudara, a maƙala na'urar auna iskar jini a babban yatsa, a ga bugun ya dawo. A sanar da mai ba da maganin barci kada ya sa allura a jijiyar wannan hannun. Mai ciwon ƙoda a bar masa jijiyar hannunsa, wata rana wankin ƙoda zai buƙace ta. Babban aibinta tsukewa ne, maganinsa a hura ta gaɓa gaɓa da ruwan gishiri mai hefarin, maganin hana daskarewar jini, har ta saki, yadda Laligam Sekhar ya koyar, a jiƙa ta da fafaberin ko berafamil, magungunan buɗe jijiya.

Jijiyar ƙafa tana da ƙofofi masu barin jini ya bi hanya ɗaya, don haka ƙarshenta na wajen idon sawu shi ake ɗinkawa ga mai bayarwa. A ja mata layin tawada tun tana kwance, da shi ake gane murɗewa. Mai sikila da ya taɓa yin gyambo a idon sawu, a nisanci ƙwaurinsa.

Ɗinki da gwaji

Ana fara asfirin kafin aiki. Mai sikila a yi masa ƙari ko musanyen jini har sikilar ta sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, haimogulobin kusan 10, a ba shi ruwa isasshe, a hana shi sanyi. Mai maganin barci ya riƙe hawan jini a inda mara lafiya ya saba, iskar kabon tsakanin 35 da 45. Faɗuwar hawan jini, musamman lokacin sa barci, na iya jawo shanyewa a wannan tiyata.

Kafin ɗinki a yanke bakin mai bayarwa a auna jinin da ke fita a sake. In ɗigo yake maimakon feshi, a nemi dalili yanzu: murɗewa, tsukewa, ko gudan jini. A tsabtace bakin, a tsaga shi ya faɗaɗa. A zaɓi mai karɓa mai aƙalla milimita 1, ga gada kuma reshe mafi girma a cikin kwarin gefen ƙwaƙwalwa. A sa matsi na wucin gadi, a tsaga ta tsawon ninki 2 zuwa 3 na kaurinta, a shafa wa gefuna tawada don su fito. Ɗinkin ƙarshe biyu tukuna, sannan gefuna, da zaren nailan 10-0, ko 9-0 da 8-0 ga manyan rassa. Kafin rufe gefe na biyu a leƙa ciki, kama bangon baya da allura shi ne sanadin toshewa da aka fi gani. A yi ƙoƙarin gamawa cikin minti 30.

Bayan sakin matsi a duba da dofla da rinin ICG mai nuna gudanar jini, a sake auna gudu. Fady Charbel da Sepideh Amin-Hanjani sun nuna cewa idan gudun bayan haɗi ya gaza rabin wanda aka auna a sake, haɗin na cikin haɗarin toshewa. Wajen rufewa a bar wa jijiyar ƙofa a riga, a gutsure ƙashi inda take shiga, a sassauta ɗinkin tsoka, a saurari dofla bayan kowane mataki. Ba a naɗa bandeji mai ƙarfi.

Bayan aiki

A makon farko ciwon kai mai tsanani, farfaɗiya ko sarƙewar magana na iya zama ƙarancin jini, na iya zama yawansa. Maganinsu kishiyar juna ne, ɗaya a ɗaga hawan jini, ɗaya a sauke, don haka a yi hoton kwararar jini kafin a taɓa magani. A duba gefen rauni kullum, baƙin da ke bayyana a bakin fata alamar jini bai isa ba ne, ya fi faruwa idan an ɗauki rassa biyu, ko ga mai sukari da mai shan taba.

A nuna wa iyali inda jijiyar ke bi, su ji bugunta da yatsa. Hula mai matsewa, ɗaurin ɗankwali mai ƙarfi, ƙafar tabarau da igiyar hular kwano duk suna iya danne ta. Wanda aka ɗauki jijiyar ƙeyarsa ya riƙa kwanciya a ɗaya gefen har rauni ya warke. Ƙishirwa na daskarar da jini, mai fita daga Agege zuwa asibiti a Ikeja ko Idi-Araba ya riƙe gorar ruwa saboda gosulo da zafi, gudawa ko amai kuma a koma asibiti a ranar. Maganar azumi a yi ta da likita kafin watan ya kama. Asfirin ba a daina shi don an ji sauƙi, kuma ana maimaita hoton jijiyoyi kafin sallama, sannan bayan wata 3 zuwa 6, don a ga ko haɗin na gudana da yadda mai bayarwar ta girma.